Yadda ake tara gadagi a ajiye wa dabbobi har rani

Da yawa in an ce gadagi shayin nan na 'yan Kano suke tunawa, to ni ba shi nake nufi ba, ciyawar kanta nake magana, wadda masu doki da masu turkar rago suka san darajarta.

Farko ka gane ta tukuna. Ba ta tashi sama sosai, yaɗo take yi kusa da ƙasa a jigawa, cikin gonar gero ko a saura. Ganyenta ɗai-ɗai ne masu ɗan faɗi kamar ƙwai, furen ƙanana ja-ja, kwanson kuma siriri ne gaɓa-gaɓa. Dangin wake da gyaɗa ce, in ka tuge ɗaya ka duba saiwar za ka ga 'yan ƙulalai, su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoma da yawa wajen Maraɗi da Damagaram in suna maimai sai su tsallake ta su bar ta ta girma.

Lokacin yanka shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, ta yi fure kwanso ya fara fitowa amma ganyen na nan kore shar. Kar ka yi sammako, bari raɓa ta bushe tukuna. Kuma don Allah ka sa lauje, kar ka bi ka tuge duka, ka bar wasu su zubar da iri, in ba haka ba baɗi sai ka neme ta ka rasa.

Wajen shanya ne ake yin asara. Amfanin duk yana ganyen, in ka baza ta a rana tsaka ka manta kwana da kwanaki, ranar da ka zo ɗauka ganyen zai kakkaɓe ya bar ka da tsirarun kara, ni kaina na taɓa yin wannan wautar wata shekara, tumakin shinshinawa kawai suka yi suka juya. Ta ɗan sha rana ta yi yaushi sai ka mayar inuwa kana juyawa. In ka murɗa kara ka ga babu danshi ta yi, sai ka ɗaure dami-dami da sanyin safiya lokacin ganyen bai cika karyewa ba.

Ka ɗora kan rumfa ko cikin rassan bishiya, ba a ƙasa ba saboda gara, in hadari ya haɗo a rufe da leda. Damin da ya yi fumfuna kar ka ba dabba. Sauran kuma ka riƙa tsakura musu tare da dusa da ɗan kanwa, ka ja ta har bazara, lokacin ne ko da kuɗinka sai ka sha yawo a kasuwa kafin ka samu.