Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar maganaɗisu

Kuskuren da na fi ji shi ne wai maganaɗisu yana jan kowane ƙarfe. Harshenmu ma yana da hannu a ciki, tunda tagulla da alminiyam duk ƙarfe muke ce musu. Abin da yake kamawa shi ne baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, sai wasu abubuwan da aka haɗa da su. Ka kara shi da wayar tagulla ko zoben azurfa, ko gezau ba za su yi ba.

Sai kuma a ga abu ya manne masa, a ce shi ma maganaɗisu ne. Ai ƙusa ma tana mannewa. Shaidar gaskiya ita ce turewa: maganaɗisu yana da kai biyu, ana ce musu arewa da kudu, sai ka juya kowane kai ka gwada. Idan wani kan ya ture ɗan'uwansa, to duka biyun maganaɗisu ne, domin kai iri ɗaya ba sa haɗuwa, arewa da kudu ne ke jan juna.

Wasu suna zaton in an karya shi biyu za a raba arewa da kudu. Ba ya rabuwa. Kowane gutsure zai fito da kawunansa biyu.

Wanda ya fi damuna shi ne na layukan da ake zanawa kewaye da maganaɗisu. Ɗalibi ya haddace cewa suna fita daga arewa su shiga kudu, sai ya ɗauka tsakanin layi da layi babu komai. Zane ne kawai na nuna alkibla; ƙarfin ya cika wurin gaba ɗaya, kuma inda layukan suka cunkushe nan ya fi tsanani. Ka ɗora takarda a kansa, ka barbaɗa garin ƙarfe, ka gani da idonka. Kuma ba dutse ko sandar ƙarfe kaɗai ke da wannan ƙarfi ba: a 1820 wani masanin kimiyya mai suna Oersted ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da waya mai ɗauke da lantarki.

Akwai kuma na ajiya. Ana wurgi da shi, ana barinsa kusa da wuta, daga baya a ce ya lalace. Duka da zafi suna hargitsa jeruwar ƙananan maganaɗisun da ke cikinsa, wadda ita ke ba shi ƙarfi. Baƙin ƙarfe in ya kai digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, maganaɗisu ba ya kama shi sai ya huce.