Yadda Ake Zaɓen Na'urar Faifan Fulofi ga Tsohuwar Kwamfuta

Wanda na'urar fulofi ta tsohuwar kwamfutarsa ta daina aiki, kada ya yi gaggawar sayen wata, domin sau da yawa ƙura ce ta rufe kan da ke karanta faifan, ko kuma bel ɗin roba ya saki. A fara goge kan da auduga da sinadarin isopropyl, sannan a gwada da faifan da aka tabbatar yana da kyau.

Idan canjin ya zama dole, sai a koma kasuwar kayan hannu, tun da an daɗe da daina ƙera waɗannan na'urori, har kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofin ma a 2011. Tsofaffin kwamfutocin ofis na shekarun 1990 da ke jibge a shagunan masu gyara su ne wuri mafi sauƙi, kuma samfurin Teac FD-235HF da Sony MPF920, na faifan inci 3.5, sun yi suna wajen ƙarko.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne zaton cewa duk na'urar da wayarta mai fil 34 ta shiga za ta yi aiki. Ba haka ba ne. Na'urar da aka yi wa kwamfutocin tsarin IBM ana saita ta a DS1, wato lambar da kwamfuta ke kiran na'urar da ita, kuma fil na 34 ne ke sanar da an canja faifai, amma kwamfutar Amiga tana neman DS0, tana jiran wannan saƙon a fil na 2, fil na 34 kuwa yana gaya mata cewa na'urar ta shirya. Saboda haka a duba bayan na'urar a ga ko tana da ƙananan mahaɗan da ake sauya wa wuri, domin na baya-bayan nan an cire musu su, sai dai a yi aikin dalma. Tsohuwar Macintosh mai faifan 400K ko 800K ta fi wuya, gudun juyawar faifanta yana sauyawa, don haka irin tata kaɗai za ta karɓa, kuma na'urar fulofi ta USB ba ta karanta faifanta ko kaɗan.

A faifan inci 5.25 ma akwai bambanci. Na'urar 1.2MB tana karanta faifan 360KB, amma layin da take rubutawa siriri ne, wanda tsohuwar na'urar 360KB kan kasa karantawa daga baya.

Wajen ɗaurawa, jan layin wayar ya fuskanci fil na 1. Idan fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa, an juya wayar ne, a kashe wuta nan take kafin a saka faifai. Wanda burinsa kawai kwamfutar ta tashi, a ganina na'urar Gotek mai manhajar FlashFloppy, wadda ke maye gurbin na'urar fulofi tana aiki da filashin USB, ta fi masa kwanciyar hankali, sai dai ya fara kwafe tsofaffin faya-fayansa da na'ura ta ainihi.