Darasi na 9: Ɗaki uku, dekoda nawa?

Abin karatu

A wata unguwa ta Tawa akwai wani gida mai ɗaki biyu da zaure. Maigidan tsohon ɗan ci-rani ne, ya yi shekaru yana zuwa Abijan. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ɗansa na fari ne ya gaje shi a hanyar. Da ɗan ya zo ganin gida bayan damina, sai ya shigo da sababbin tele biyu, aka haɗa da tsohuwar da ke zaure suka zama uku. Ɗaya ta tafi ɗakin uwargida, ɗaya ɗakin amarya, don kada a ce an fifita wata. Ya sayi parabol da dekoda ɗaya, ya biya abonma na wata uku, aka kira mai haɗawa ya ja waya zuwa kowane ɗaki.

Kashegari bayan sallar isha'i samari suka taru a zaure za su kalli ƙwallo. Uwargida tana tsakiyar kallon fim ɗin Hausa, sai ta ga ƴan ƙwallo sun cika mata gilashi. Ta danna telekomand har yatsa ya gaji, hoto bai canza ba. Ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya taɓa mini tele?" Kafin ya amsa, amarya ta aiko yarinya ta ce ita ma fim ɗin da take kallo ya ɓace.

Maigida ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, ba ka ce kowa da tasa ba?"

Ɗan ya ce, "Baba, kowa da tele tasa. Ashe abin da ke zaɓen tasha guda ɗaya ne, shi ne wannan da ke zaure."

Tukunya da kwano

Dekoda tukunya ce, tele kuwa kwano. Ko kwano goma ka jera, abin da aka dafa a tukunyar shi za a zuba wa kowa. Dekoda irin wadda aka saba saye tana buɗe tasha ɗaya ne a lokaci ɗaya. In an raba wayarta zuwa ɗaki uku, duk ɗakunan hoto guda za su gani, kuma wanda telekomand ɗin dekodar ke hannunsa shi ke zaɓa wa gida duka. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai bayan kuɗi sun fita.

Ga yadda hoton ke zuwa. Tauraron ɗan'adam yana can sama, nisan kusan kilomita 36,000, daidai saman layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. Mu Nijar muna arewa da wannan layi, shi ya sa za ka ga duk parabol na gari sun fuskanci wajen kudu, wasu sun karkata gabas, wasu yamma. Farantin yana tattara sigina ya tura wa ɗan kan da ke tsaye a gabansa, wanda masu aikin ke kira tet ko LNB. Daga tet waya ke saukowa zuwa dekoda.

A nan ne ake yawan yin kuskure na biyu. Mutum ya sayi dekoda ta biyu, sai ya yanke wayar parabol ya sa mata ɗan ƙarfen raba waya, yana cewa ai ruwa ne, a raba shi biyu. Tet mai baki ɗaya umarnin dekoda ɗaya yake bi. Dekoda tana aika masa wuta kaɗan ta cikin wayar, bolt 13 ko 18, gwargwadon rukunin tashoshin da take nema. In dekoda biyu suka nemi rukuni daban a waya ɗaya, sai wasu tashoshi su ɓace a ɗaki guda. Maganin abin ba shi da tsada sosai: a sayi tet mai baki biyu ko mai baki huɗu, kowace dekoda ta samu wayarta tun daga kan faranti. Faranti ɗaya ya isa, muddin duk dekodojin tauraro ɗaya suke nema.

Kafin a je shago

Ni a ganina, aikin farko a gida ake yin sa, da alƙalami da kaye. A zauna da mutanen gida a tambayi kowa abin da yake kallo da lokacin da yake kallonsa. Sau da yawa za a tarar rabin abin da ake so ba na biya ba ne.

Ɗauki kokowa. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, Télé Sahel ke nuna ta, kuma ba a biyan abonma don kallon Télé Sahel da eriya. Labaru da Hausa da Zabarmanci su ma a nan suke. Tele ma a ƙasarmu da karantarwa ta fara, a 1964, lokacin da aka soma koyar da yara ƴan lakwal ta cikinta. Haka kuma akwai tashoshi da dama da ake kamawa kyauta da parabol da dekoda marar kati, irin wadda ake saye sau ɗaya a gama. A cikinsu akwai masu nuna Harami na Makka da masallacin Madina dare da rana, da tashoshin wa'azi. Wasu taurarin dai suna son faranti babba kafin hoto ya tsaya, don haka a tambayi mai haɗawa girman da ya dace da garin.

To, in tsohuwa abin da take so wa'azi ne da sallar Makka, me zai sa a ɗora wa gida abonma na biyu saboda ɗakinta? Dekoda marar kati ta wadatar da ita.

Kamfanonin da ake biya

Wanda aka fi sani a Nijar shi ne Canal+, kamfanin Faransa. Da sefa ake biyansa, yana da wakilai a manyan garuruwa, ana kuma iya sabunta abonma ta salula. Tashoshinsa a rukuni suke, ana ce wa kowane rukuni buke. Akwai ƙaramin buke mai suna Access, akwai Évasion a sama da shi, har zuwa Tout Canal+ da ya haɗa duka. Yawancin shirye-shiryen da Faransanci suke, kuma manyan wasannin ƙwallon Turai sun fi yawa a buke masu tsada. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 kuma take watsa shirye-shiryenta da Hausa, tana cikin tashoshin da yake ɗauke da su.

Da yake jiharmu ta yi iyaka da Najeriya ta Ƙonni, akwai masu sayo dekoda daga Sakkwato. DStv na kamfanin MultiChoice ne na Afirka ta Kudu, wanda Canal+ ya saye a 2025. Yawancin tashoshinsa da Ingilishi suke, amma yana da Africa Magic Hausa. Yana kuma da wani tsari mai suna XtraView, wanda ke haɗa dekoda har uku a gida ɗaya ƙarƙashin abonma ɗaya, a ƙara ɗan wani abu kowane wata, kowane ɗaki ya kalli tashar da yake so. StarTimes kuwa na ƙasar Sin ne, shi ma yana da tashoshin Hausa, kuma a Najeriya ana iya biyansa na kwana ko na mako, ba dole sai na wata ba.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Dekodar da aka yi wa rajista a Najeriya da naira ake biyanta. Kullum sai ka nemi mai biya maka a can, farashi yana bin canji, kuma in ta samu matsala babu wakilin da za ka kai wa kuka a kusa. Na biyu ya fi ciwo. Akwai dekodojin da ba da parabol suke aiki ba, da eriya suke kamo sigina daga dogon ƙarfen da aka kafa a cikin gari. GOtv irin wannan ce, StarTimes ma tana da irinta. Tawa ta fi kilomita 100 daga iyaka, siginar ba ta isowa. Duk arahar da aka yi maka, in ka kawo ta nan ajiya kawai za ta zama.

Akwai kuma masu jan waya gida gida a unguwa daga dekodojinsu, suna karɓar kuɗi kaɗan a wata. Araha ce, amma ba kai ke da iko da tashar ba, ba ka da rasit, kuma in babu izinin kamfani, ranar da aka rufe su kuɗinka sun tafi.

Samari za su ce a bar duk wannan, a kalla a salula. Gaskiya ne Canal+ da DStv suna da manhajar da mai abonma zai iya kallo da ita a waya, kuma hakan yana rage rigimar zaure. Amma intanet ɗin kai za ka saya. Kallon awa ɗaya yana iya cin kusan giga 1, in hoton mai kyau sosai ne har ya kai giga 3. Wasan ƙwallo ɗaya kuwa ya kusa awa biyu.

Lissafi

Kuɗin da aka biya ranar saye ba su ne tsadar abin ba. Dekoda sau ɗaya ake sayenta, abonma kuwa kowane wata yana dawowa kamar kuɗin haya. Don haka da shekara ake auna shi. Lambobin da ke ƙasa misali ne don koyon lissafi, farashin gaskiya a bakin wakili za a ji shi.

A ce abonma jikka 10 ne a wata. A shekara 10 sau 12, jikka 120 ke nan. In gidan da muka karanta ya sa dekoda uku, kowace da cikakken abonmanta, 120 sau 3 ya zama jikka 360. In kuwa aka bar abonma ɗaya na jikka 10 a zaure, aka sa ƙaramin buke na jikka 5 a ɗaki ɗaya, ɗayan ɗakin aka sa dekoda marar kati, to a wata jikka 15 ne, a shekara jikka 180. Rabi ya ragu a aljihu. Sai dai a gida mai mata biyu, kada maigida ya yanke wannan shi kaɗai. Abin da aka sa wa ɗaki ɗaya aka hana ɗaya yana iya zama maganar da ta fi kuɗin nauyi. A yi shawara da su, kowace ta faɗi abin da take kallo da bakinta.

Kada a manta da kuran. Tele ta zamani mai inci 32 da dekodarta suna cin kusan wat 60. Uku a kunne wat 180 ne. In sun yi awa 5 kowane dare, 180 sau 5 ya ba da 900, wato kusan kilowat-awa 1 a kwantar NIGELEC. Mai amfani da fano da batir ya fi kowa bukatar wannan lissafi, don batirin da ke riƙe tele ɗaya har tsakar dare ba zai riƙe uku ba. Lokacin zafi kuma, da ake yawan ɗauke wuta, kwanakin abonma suna tafiya ko an kalla ko ba a kalla ba. Wanda ya san haka ba zai biya wata shida a dunƙule ba tun bai gwada wata ɗaya ba. Ya kuma sayi regilatar, domin wutar da ta dawo da ƙarfi tana ƙona dekoda.

Abin da za a tambayi wakili

Ka je da kayenka a hannu. Ka ce masa, "Ɗaki uku gare ni, ina son kowane ɗaki ya kalli tasha daban a lokaci ɗaya. Dekoda nawa zan saya, kuma nawa zan riƙa biya a wata gaba ɗaya?" Ka tambaye shi ko kamfanin yana da rangwame ga dekoda ta biyu a gida ɗaya. Ka sa ya nuna maka takardar buke, ka nemi sunan tashoshin da mutanen gidanka suka ambata ɗaya bayan ɗaya da idonka. Anan karatun da kake koyo zai yi maka rana. Ka tambayi ko kuɗin haɗawa da waya da tet suna cikin farashin. Ka karɓi rasit, ka kwafe lambar dekoda a kaye, don da ita ake sabunta abonma, ko da ɗanka ne zai biya daga Abijan.

Ranar haɗawa ka tsaya a kan aikin. A kafa farantin a bango mai ƙarfi, a ɗaure shi da kyau, domin iskar da ke zuwa gaban hadari in ta gusar da shi ko da kaɗan ne hoto ya tafi. A sa waya mai kauri, a bi gajeriyar hanya, kada a yi mata haɗi barkatai, a kuma rufe bakinta kada ruwa ya shiga. In ana ruwa mai ƙarfi da damina hoto ya tsaya, kada a hau bango a taɓa faranti, zai dawo da kansa in hadarin ya wuce. In da tsawa, a cire wayar kuran da ta parabol. Kafin mai haɗawa ya tafi, ya nuna maka yadda ake sa lambar sirri a kulle tashoshin da ba su dace da yara ba, musamman a ɗakin da babba ba ya zama.

Aikin aji

1. Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su sau uku: parabol, dekoda, abonma, buke, tet, rasit.

2. Me ya sa uwargida ta ga ƙwallo a tele ɗinta alhali ba ita ta canza tasha ba?

3. Wani gida yana biyan jikka 10 a zaure da jikka 5 a ɗaki biyu, kowanne. Nawa ne a wata? Nawa ne a shekara?

4. Tambayi kuɗin buhun hatsi a kasuwa wannan mako. Buhu nawa amsar tambaya ta 3 za ta saya?

5. A gida, ja layi uku a kaye. Layi na farko sunan ɗaki, na biyu abin da ake kallo a cikinsa, na uku lokacin kallo. Ka zo da shi aji na gaba, za mu duba tare mu ga ɗakunan da lokacinsu ya haɗu.