Yadda za ka san mutanen Kudancin Kaduna daga bakinsu

Na daɗe ina sarin citta a Kachia da Kwoi ina kawowa Kaduna. Duk shekarun nan da Hausa muke ciniki, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa. Wata rana wata dattijuwa da nake sayen busasshiyar citta a hannunta ta ƙi rage mini ko sisi, sai na ce mata cikin raha, "Haba Mama, ku Jaba ba kwa sassauci." Ta saki bakin buhun da take ɗinkewa, ta dube ni.

"Alhaji, Ham. Mu Ham ne. Shekara nawa kana shan ruwan garin nan?"

Kunya ta rufe ni. Daga ranar na fara neman sani, kuma abin da na tsinta shi zan ba duk mai so.

Fara da suna. Yawancin sunayen da muka tashi muna ji, mu Hausawa ne muka laƙaba musu, Turawan mulki suka ɗauka suka zuba a takarda. Kataf su ne Atyap, harshensu Tyap. Kaje su ne Bajju, harshensu Jju. Jaba su ne Ham, harshensu Hyam. Kadara su ne Adara, mutanen Kagoro kuma Agworok. Waɗanda muke kira Gwari, waɗanda Gwamna Lugga ya tarar a yankin nan kafin hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, Gbagyi ne. Sarakuna ma da laƙabinsu: Kpop Ham, Agwatyap, Agwam Bajju. Wani bai damu da tsohon sunan ba, ai har yau akwai ƙaramar hukumar Jaba da ta Zangon Kataf. Wani kuma yana jin zafinsa har rai. Tambayi mutum wanne ya fi so. Ka kuma lura da bakinka: in yaro ya yi tuntuɓen harshe muna cewa yana gwaranci, ba tare da mun tuna daga sunan wa kalmar ta fito ba.

Sai ka nemi malami, kuma ba sai ka yi nisa ba. Tun rikicin 2000 kogi ya raba garin Kaduna, mu muna Tudun Wada da Rigasa da Kawo, su suna Sabon Tasha da Narayi da Television, amma kasuwa da wurin aiki suna haɗa mu kullum. Matsalar ɗaya ce: kowa yana jin Hausa, saboda haka babu abin da zai tilasta maka koyo. Kai za ka roƙa. Nemi dattijo ko dattijuwa, domin yawancin yaran da aka haifa a cikin gari Hausa da Turanci suka fi zama a bakinsu.

Ga yadda nake yi. Ina da ƙaramin littafi a aljihu, wanda nake rubuta lissafin buhuna, bayansa na ware wa kalmomi. Kowace tafiya kalma goma kacal: gaisuwa, godiya, ƙidaya, sunan abin da ke gabanmu. Rubutu kaɗai ba ya isa, don harsunan nan suna da karin sauti kamar Hausa, yadda "fari" na launi ya bambanta da "fari" na rashin ruwa. Shi ya sa nake neman izini in naɗi muryar a waya, in yi ta saurara a mota. Za a yi maka dariya, ka saki jiki ka taya su. Ranar da na ce wa wani direba Atyap "N gwai", wato na gode, sai da ya juyo ya sake kallona.

A cikin gari akwai wurare uku. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu yana da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham ɗin da nake sayen citta. Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yana da ɗakin karatu. Sai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon, inda na raka 'yata lokacin da take aikin kammala digiri. Fayilolin Lardin Zazzau suna nan, amma ka karanta su da taka-tsantsan. Di'o, wato jami'in Turawan mulki, shi ne ya rubuta, ta bakin tafinta, kuma kalmar "arna" ce take yawo a ciki. Abin da ka gani a can, kai shi gaban masu abin ka ji ta bakinsu.

A waya ma akwai abin yi. Tyap tana da Wikipedia tata tun 2022. Wani masani, Roger Blench, ya tattara jerin harsunan Najeriya da sunan da kowace al'umma take kiran kanta, ana samunsa kyauta a intanet.

In hali ya yi, je biki. Na Afan ana yinsa a Kagoro ranar 1 ga Janairu, Tuk Ham kuma a Kwoi wajajen Ista. Motocin Zonkwa da Kafanchan suna tashi daga tashar Television. Ka bi wani ɗan gari, ka tambayi lafiyar hanya tukuna, kada ka ɗaga waya kan dattijo ko masu rawa sai an ba ka dama. Abin da aka ce ba na baƙo ba ne, bar shi.

Mamar nan ta Kwoi yanzu ita ke yi mini jarrabawa. In ban gaishe ta da Hyam ba, ba ta buɗe buhu. Farashin dai har yau ba ta rage ba.