Kurakuran da ake tafkawa wajen sa waƙa a fim ɗin ban tsoro

Shekaranjiya ƙanina ya kawo min wani ɗan bidiyo da ya haɗa a manhajar CapCut wai na ban tsoro ne, yarinya da farin mayafi tsaye a soro, tun daga sakan na farko ya zuba mata wani kiɗa kamar ana jan gwangwani a kan siminti, ni kuwa me zan yi in ba dariya ba. Ya ɓata rai. To ba shi kaɗai ke yi ba.

Babban kuskuren shi ne a zaci dole waƙar ita kanta ta zama abar tsoro. Ina! Ka duba fim ɗin Insidious na 2010, waƙar da ta hana mutane barci "Tiptoe Through the Tulips" ce, waƙar soyayya tun ta 1929, Tiny Tim ya sake rera ta a 1968 da wata siririyar murya kamar ta 'yar tsana. Ba komai a cikinta sai furanni da hasken farin wata. Amma a fim ɗin, da rana tsaka faifai ya canza da kansa zuwa waƙar, uwar gidan tana waje ta leƙa ta taga sai ga wani yaro yana ta rawa a falonta shi kaɗai, wallahi tsigar jikinka sai ta tashi. Daɗin waƙar ne ya zo a inda bai kamata ba. Mu da muka tashi da kallon Indiya ai mun san haka, "Aayega Aanewala" ta Lata Mangeshkar a fim ɗin Mahal na 1949 murya ce mai sanyi kawai tana yawo a tsohon gida cikin dare.

Sai kuma a faɗo da waƙa daga sama, ba a san daga ina take fitowa ba. Gyaran shi ne ka ba ta gurbi a cikin labarin, rediyo ko waya ko wata tana wanke-wanke tana rerawa. A fim ɗin Halloween na 1978 waƙar "Don't Fear the Reaper" a rediyon mota take tashi, 'yan mata biyu suna ta hirarsu, makashin yana biye da su a baya ba su sani ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gaggawar lanƙwasa waƙa, yau kowa ya koyi rage mata gudu ya zuba amsa-kuwwa shikenan wai ya yi fim ɗin ban tsoro. Darakta Jordan Peele a fim ɗinsa Us na 2019 sai da ya bari muka ji "I Got 5 on It" ta Luniz, ta 1995, yadda take, iyali a mota uba yana nishaɗi uwa tana koya wa ɗanta bin kiɗa, sai can ƙarshe Michael Abels, mai tsara kiɗan fim ɗin, ya dawo da ita da goge irin na Turawa a hankali, tsinke-tsinke. Da ba ka san ta lafiyayya ba ai ba za ka ji ciwon karyewarta ba.

Yawan maimaitawa ma yana kashe ta. Mutane da yawa sun ɗauka don fim ɗin The Exorcist aka yi kiɗan "Tubular Bells", alhali Mike Oldfield ya fitar da faifansa a watan Mayun 1973, fim ɗin sai Disamba, kuma ɗan guntu aka ɗiba aka sa.

Sannan maganar haƙƙin mallaka, ka kwashi waƙar mutane ka ɗora a YouTube, ko su cire sautin ko kuɗin tallan ya tafi aljihun mai ita. Ƙanin nawa dai na ce ya goge gwangwanin nan, ya sa autarmu ta rera waƙar gaɗa ƙasa-ƙasa daga bayan ƙyaure ya ɗauka da waya. Daren nan da ya fita kulle ƙofar soro sai da ya ce in raka shi da tocila.