Babi na 6: Zane Don Hutun Hannu da Zuciya

Sannunku da ƙoƙari. Mun gama baƙaƙe da wasula, kowa ya iya rubuta sunansa da na garinsu. A wannan babi babu jarrabawa, babu maki. Zane za mu yi, don hannu ya sake, rai ya ɗan huta.

Na san abin da wasu za su ce. Ran da na fara kawo wannan darasi a ajinmu na yamma a Argungu, wani dattijo masunci ya ture takardar gefe, ya ce, "Malam, wanga aikin yara na." Na ce, "Baba, hular nan da ke kanku, yaro ne ya zana mata aiki?" Ya cire ta, ya jujjuya, ya mayar. Bai amsa ba, amma ya jawo takardar.

Zane namu ne tun kaka da kakanni. Zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani zane ce. Aska takwas a babbar riga, ƙunshin lalle a hannun amarya, adon bayan ƙwarya, launin faifai, duk zane ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana abu mai rai ba, ya kwantar da hankalinsa. Babu mutum, babu dabba a wannan babi.

Darasi na 1: Kayan aiki da riƙon fensir

Ku nemi fensir ɗaya, da takarda, da reza ta fiƙe fensir. Ku dubi jikin fensirin, can kusa da gindi, za ku ga baƙaƙe. Ku karanta su, ai yanzu kun iya. Idan an rubuta HB, shi ne na rubutu da yara ke zuwa makaranta da shi. Idan an rubuta 2B, ya fi laushi, ya fi baƙi, ya fi daɗin zane. Kowanne kuka samu ya yi. Wanda ba shi da takarda ya yage kwalin sukari ko na sabulu, ya yi a cikinsa, wato gefen da babu rubutu. Wanda ba shi da fensir ya ɗauki gawayi.

Magogi fa? Ku bar shi a gida. Zan faɗi dalili nan gaba.

Ku zauna a tabarma ko a benci. Ku ɗora takardar a kan abu mai tauri, kamar allo ko bayan faranti. Kada ku ɗora ta a cinya, za ta huje.

Yanzu ga wurin da kowa ke tuntuɓe. Ku saurara da kyau.

Ku riƙe fensir da yatsu uku: babban yatsa, da manuni, wato yatsan da ake nuni da shi, da na tsakiya. Na tsakiyan yana ƙasa, fensir na kwance a kansa. Ku bar faɗin yatsu biyu tsakanin bakin fensir da yatsunku. Bahago ya yi da hagunsa, babu laifi.

Kada ku matse shi.

Hannun da ya shekara 30 yana riƙon garma da lauje a fadamar shinkafa, ko yana jan homa a ruwa, ya saba da ƙarfi. Wannan ba abin kunya ba ne, da shi kuka ci da iyali. Amma fensir ba ƙotar fartanya ba ce. Riƙonsa kamar riƙon ɗan tsako ne: kada ya kuɓuce, kada kuma ya mutu.

Ga yadda za ku gane. Ku riƙe fensir, ku ce wa na kusa da ku ya ja shi ta gindi. Idan ya zare cikin sauƙi, riƙonku ya yi. Idan sai da kuka yi kokawa, kun matse. Ku sassauta, a sake ja. Ku yi haka sau 5.

Ga wata hanya. Ku dubi farcen manuninku. Idan ya yi fari, jini ya gudu daga wurin, kun matse. Ku ajiye fensir, ku yarfa hannu kamar wanda ya wanke hannu bai sami tsumma ba, ku sake ɗauka.

Darasin yau ke nan. Ba mu zana komai ba, kuma ba mu yi asara ba.

Darasi na 2: Layi da numfashi

Kafin komai, gwajin jiya. A ja fensir. Ya zare? Madalla. Bai zare ba? Ku sassauta.

Ku sa bakin fensir a gefen hagu na takarda. Ku ja numfashi ta hanci. Sa'ad da kuke sakinsa a hankali, ku ja layi zuwa dama. Numfashi ya ƙare, layi ya ƙare. Ku ɗaga fensir. Ku koma hagu, ku sauko ƙasa kaɗan, ku sake. Numfashi ɗaya, layi ɗaya, har layi 10.

Layin zai karkace. Ku bar shi. Gulbi ma ba a miƙe yake tafiya ba.

Dalilin da na hana magogi ke nan. Ina ɗan firamare, akwai wani malami da ke buga mana rula a bayan yatsu idan layi ya karkace. Na girma ina goge abu sau goma har takarda ta yage, gabana na faɗuwa duk ran da aka ce a yi zane. Mai gogewa yana faɗa ne da takarda, mu kuwa hutawa muka zo yi. Layin da bai yi muku ba, ku ja wani a ƙarƙashinsa.

Da kun gama layi 10, ku juya takardar, ku shafa bayanta da yatsa. Idan kun ji layukan sun taso kamar kunyar gero, kun danna da yawa. Mai danna fensir, matse shi ya yi. Ku sassauta yatsu, dannawar za ta ragu da kanta. Layin da muke so shi ne wanda ake gani ta gaba, ba a jin sa ta baya.

Ku lura da kafaɗa kuma. Da yawa kafaɗarsu na hawa har kusa da kunne, suna cije leɓe kamar masu ɗaukar buhu. Ku sauke kafaɗa. Ku saki haƙora. Idan kafaɗa ta sauka, yatsu ma za su saki fensir kaɗan.

Minti 10 sun isa. Bayan la'asar ya fi, kafin haske ya tafi. Mata a ajin safe sun ce su sun fi samun sarari bayan an sauke tukunyar rana. Kowa ya san lokacinsa.

Darasi na 3: Ragar homa

Kowa a nan ya san homa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a garin nan, kun ga dubban masunta sun afka kogin Matan Fada da homa da gora. Wanda ke son ganin kayan mutanen da, ya leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi a 1958. Idon ragar nan za mu zana.

Ku ja layuka a karkace, daga sama hagu zuwa ƙasa dama, guda 6. Ku bar faɗin yatsa ɗaya tsakaninsu. Sannan ku ja wasu 6 su gitta su, daga sama dama zuwa ƙasa hagu. Ga raga ta fito, da idanunta.

Yanzu ku cika ido ɗaya da baƙi, ku tsallake na kusa da shi, ku cika na gaba. Ɗaya baƙi, ɗaya fari. A hankali, fensir na kai da kawowa kamar mai shara da tsintsiya mai laushi. Idan kuna son ya ƙara baƙi, ku sake bi ta kai sau biyu, sau uku. Ba da ƙarfi ake samun baƙi ba, da maimaici ne.

A nan ne dattijon nan ya ba ni mamaki. Ya sunkuya yana cika idanun raga, har aka kira magariba bai ji ba. Da ya ɗago sai ya ce tun da aka fara maganar kuɗin taki bai yi rabin awa bai tuna da ita ba, sai yau. Bashin yana nan, zane bai biya ba. Mai hawan jini ma kada ya bar maganinsa ya ce ya sami zane.

To, amma bari in faɗi gaskiya. Makon jiya na tattara fensir 7 da aka karya a aji ɗaya. Bakwai! Na ce a sassauta, na sake cewa a sassauta, wasu har yanzu kamar suna sassabe. Wasu kuma sun zo da magogi a aljihu, suna gogewa a ɓoye, sun ɗauka ban gani ba. Akwai wanda ya ba ɗansa na sakandare ya zana masa, ya kawo mini. Haba, Alhaji! Ɗanku ne ya gaji ko ku? Wanda aka sha wa magani ai bai warke ba. Ku koma Darasi na 1, a ja fensir daga hannunku sau 5, sannan ku dawo.

Darasi na 4: Faifai

Ku kifa murfin gwangwani a takarda, ku zagaye shi da fensir. Ku ɗauke. A cikin da'irar ku yi wata ƙarama da hannu, a cikinta wata. Tsakanin da'ira da da'ira ku ja layi mai hawa da sauka, kamar haƙoran zarto. Ku ɗauko faifan gida ku duba, ku kwaikwayi abin da kuka gani.

Mai son tawada ya daka gawayi ya yi laushi, ya haɗa da ƙaro da aka jiƙa, kamar ta makarantar allo. Alƙalamin kara ma ba ya son matsi, bakinsa zai tsage.

Darasi na 5: Ganye da dagi

Ku tsinko ganye ɗaya, na mangwaro ko na gwaiba. Ku ajiye a gabanku, ku zana gefensa, sannan jijiyoyinsa.

Dagi, wato zanen nan mai sarƙaƙƙun layuka irin na tambarin Arewa, yana da wuyar bayani a rubuce. Ku nemi hula ko bangon da aka yi masa, ku bi layin da ido daga inda ya shiga zuwa inda ya fito, sannan ku gwada.

Aikin gida: zane ɗaya kullum har kwana 7. Ku rubuta sunanku da ranar a ƙasan kowanne. Ku zo da su ranar Asabar, zan shafa bayan takardun.