Yadda Za Ka Bi Kadin Haƙƙinka Idan An Hana Ka Fanshon Ritayar Rashin Lafiya

Da aka dawo wa yayana da takardunsa, wata biyu muka ɓata muna bin ofis-ofis muna ba da haƙuri, kamar masu neman taimako. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi yana da shekara 46. Tun daga nan na raka wasu mutum biyu, kuma duk inda muka yi tuntuɓe nan su ma suka yi.

Abu na farko, kada ka yarda da "ba a amince ba" ta fatar baki. Ka nemi a rubuta maka dalili, da kwanan wata da sa hannu. Sannan ka san gidan da kake. Idan na tarayya ne kai, Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ce ke kanka, kuɗinka na hannun kamfanin fansho, PenCom, wato hukumar fansho ta ƙasa, kuma ke sa musu ido. Idan na jiha ne ko ƙaramar hukuma a Kano, Asusun Amintattun Fansho na Jihar Kano ne naka, sai ka bi ta ma'aikatarka da ofishin Shugaban Ma'aikata. Na ga wanda ya kai kukansa inda ba su ma da fayil ɗinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: rahoton likita. Dokar 2014 ta hana taɓa asusun ritaya kafin shekara 50, amma ta buɗe ƙofa ga wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikin ofishinsa ba, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Ka lura, aikin ake magana, ba sunan cutar ba. Rahotonmu na farko layi huɗu ne: ga ciwon, ga magungunan, "yana samun sauƙi". Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kashe mu. Likita da kyakkyawar niyya ya rubuta, mai duba fayil kuma ya karanta cewa mutum zai koma bakin aiki.

Saboda haka idan za ka koma asibiti, ka tafi da takardar da ta zayyana ayyukanka. Ka ce, "Likita, ga abin da nake yi kullum, a rubuta wanda zan iya da wanda ba zan iya ba, kuma na ɗan lokaci ne ko na dindindin." A na biyu aka rubuta cewa hannun damansa ba ya riƙe sitiyari, ƙafarsa ba ta taka birki. A wurina rahoton asibitin kuɗi ɓata lokaci ne, ka nemi na babban likita a asibitin gwamnati. A Kano, ƙashi ko laka, asibitin Dala. Ƙwaƙwalwa, asibitin Dawanau. Sauran kuma Murtala ko Malam Aminu Kano. Kuma idan an kira mara lafiya gaban kwamiti, a ja masa kunne ya bar "Alhamdu lillahi, da sauƙi". Gaisuwa ce a wurinmu, a can kuwa rubutawa ake yi.

Takardar ƙorafin shafi ɗaya ta isa: lambar fayil, ranar da aka ƙi, dalilin da suka bayar, da sabuwar hujjarka. Ka bar tarihin bashin mai shago. Ka yi kwafi uku na komai, kada ka taɓa sakin na asali, kuma a buga maka hatimin karɓa a naka kafin ka bar rajista. Kuɗin fotokwafi da na adaidaita sahu za su ci maka aljihu, amma sun fi a ce ba a ga takardarka ba.

Na tarayya ya rubuta wa PenCom ta sake duba hukuncin kamfanin, suna da ofishin shiyya a nan Kano, ya kuma aika wa kamfanin kwafi. Doka ta ba PenCom wata uku ta kammala dubawa. Ka sa ƙungiyarku ta ƙwadago a ciki tun da wuri. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a kyauta take aiki, sai dai kada ka bari shekara ta zagayo kafin ka kai mata ƙorafi. In duk ya ci tura, sai lauya da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ma tana zama a Kano. Mu dai ba mu kai can ba, rahoto na biyu ya wadatar.